Baƙin kadamon ko kore? Amsar da na ba Goggo kafin ta fidda kuɗinta

Satin da ya wuce ɗiyar Goggona ta kira ni daga Daura, ko gaisawa bamu gama ba tace Yaya dan Allah ke da kike harkar girki, mi ake nufi da baƙin kadamon, kuma ina ake samunshi a Katsina? Ashe wata murya ce aka tura masu a gurup ɗin WhatsApp, wai in mutum ya jiƙa shi yana sha da safe yana sauke hawan jini, yana wanke ƙoda, yana narkar da kitse, har ciwon suga wai yana kora. Goggo kau shekara shidda kenan tana kan maganin hawan jini, ta gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, tana jin haka tace a nemo mata ko nawa ne. Abun ya tsaya mani a rai sosai, saboda nasan kadamon ɗin nan, ina girki da shi kuma ina sonshi, amma nasan yadda aka faɗa a muryar nan ba haka yake ba. Shi yasa nace bari in rubuta amsar da na basu da tsawonta, dan na tabbata ba Goggo kaɗai ce ta ji ta ba.

Da farko dai kadamon iri biyun nan, baƙi da kore, ba abu ɗaya bane da aka tsinki ɗaya ɗanye aka bar ɗaya ya nuna, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Tsirrai ne daban daban, sai dai dangi ɗaya suke, dangin citta da kurkum da citta mai 'ya'ya tamu. Koren shi ne wanda Larabawa ke ce ma hel, duk wadda taje Hajji ko Umara tasha gahawa a ɗan finjalin nan tasan ƙamshinshi ko bata san sunanshi ba. A littafi Elettaria cardamomum ake kiranshi, asalinshi duwatsun kudancin Indiya ne wajen Kerala, amma yanzu ƙasar Gwatemala can yankin Amurka ta tsakiya na cikin waɗanda suka fi kowa nomanshi, kuma mafi yawa ƙasashen Larabawa suke kai mawa. Baƙin kuma Amomum subulatum ne, shi ɗan sanyi ne, a gangaren duwatsun Himalaya yake fita ƙarƙashin inuwar itatuwa inda akwai damshi, Nepal ce kan gaba wajen nomanshi, sai jihar Sikkim ta Indiya da ƙasar Butan. Indiyawa na ce mashi badi elaichi, wato babban kadamon, dan ya ninka koren girma. In yana ɗanye ja ne, abinda ke maida shi baƙi baƙi shi ne yadda ake busar da shi, bisa wutar itace ake shanya shi hayaƙi na ratsa shi, banda kenan dai irin wadda ake ma kifi.

Wannan bandar ita ce ta raba su a baki. Kore in kika fasa ƙamshi ne mai sanyi mai zaƙi zaƙi, kamar fure da ɓawon lemu, yana son madara yana son suga. Baƙi kau kina buɗe kwalba hayaƙi ne zai fara dukan hancinki, sai wani ƙamshi mai yaji irin na man zafi, wannan da muke shafa ma yara a ƙirji in mura ta kama su. Bashi da ruwa da suga ko kaɗan, nama yake so, da mai, da wuta ta daɗe tana ci.

Ni da kaina na taɓa yin asarar tukunya guda ta kunun gyaɗa a kanshi, lokacin da aka fara kawo mani tsarabarshi. Koren ya ƙare mani ana gobe baƙi zasu zo shan ruwa, nace ai duk kadamon ne, na daka guda ukku na zuba, kunu ya fito kamar an dama shi cikin tukunyar da ta kama, ga ɗaci ɗaci a maƙoshi, dole na sake sabo, gyaɗa da shinkafa da madara duk suka tafi. Bayan sallar layya kuma na jefa guda biyu a farfesun kan rago, ranar na gane inda gidanshi yake, ƙarnin nan ya kwanta gaba ɗaya, romon yayi wani nauyi kamar a murhun itace aka dafa alhali a gas ne, har maigidan ya tambaya mi na canza. Tun daga nan shi nake sa ma farfesun ƙafar sa, kayan ciki, naman da za a yi dambu da shi tun wajen tafasa, da shinkafar Larabawa ko biriyani in an bani aikin biki. Shayi, gahawa, kunun gyaɗa, kek, gireba, dubulan, duk waɗannan na kore ne, kada ki ma gwada da baƙi.

Tau mu zo kan lafiya, tunda ita ce ta kawo maganar.

Wancan ƙamshin man zafin da nace, wani sinadari ne ke bada shi da ake kira siniyol, shi ne dai wanda ke cikin ganyen itacen turare da aka shuka mana birjik a gefen hanyoyi da dazuzzukan kare hamada, ki murza ganyen ki shinshina zaki ji. Fiye da rabin man da ke cikin ƙwayar baƙin kadamon siniyol ne. Koren ma yana da shi, sai dai nashi ya gauraye da wani sinadarin mai ƙamshin zaƙi shi yasa bai da kaifi haka. Shi siniyol ɗin nan ba wasa bane, a Jamus har kafso ake yi da shi ana saidawa a kemis dan masu majina a ƙirji da toshewar hanci, yana taimakawa majina ta saki ta fita. Dan haka in aka ce baƙin kadamon na da amfani ga mura da tari lokacin hunturu, maganar na da tushe, kuma a nan ni ina ganin ya ɗara kore. In ƙurar nan ta Disamba da Janairu ta taso ta rufe Katsina har hasumiyar Gobarau sai an matso ake gani, kowa a gida na tari, nakan ɗan fasa guda ɗaya in tafasa da citta da kanumfari biyu, ba madara, in an sauke a sa zuma da lemun tsami, maƙoshi na washewa hanci na buɗewa. Amma a sani kafson can tataccen mai ne da aka auna, na cikin kofin shayi ɗan kaɗan ne, sauƙi yake kawowa na ɗan lokaci. Tarin da ya wuce sati biyu, ko mai jini, ko yaro na numfashi sama sama haƙarƙari na shiga ciki, wannan na asibiti ne ba na kicin ba.

Sai ciki. A maganin gargajiyar Indiya da na Sin an daɗe ana bada su duka biyun dan kumburin ciki, iska, tashin zuciya da rashin cin abinci, kamar dai yadda iyayenmu ke yi da citta da kanumfari da kimba. Sinawa ma suna da nasu baƙin da ya fi na Nepal girma, tsaoko suke ce mashi, a naman sa suke dafa shi. A nan kore da baƙi kusan kunnen doki suke, bambancin yadda za a ci ne. Kore zaki iya jefa ɗaya a baki ki tauna bayan cin abinci, ya gyara numfashi ya kashe warin albasa da tafarnuwa, ga shi ɗan mitsitsi ko a jaka sai ki sa. Baƙi ba kowa ke iya taunawa ba, yayi ƙarfi, shi aikinshi cikin tukunyar abinci mai maiƙo ne. Wadda matsalarta warin baki ce ko ɗan kumburi bayan cin abinci, kore zata saya ba sai ta wahala ba.

Yanzu ga inda ya shafi Goggo. Binciken da ake yawan jingina maganar hawan jini da shi a Indiya aka yi shi a 2009, mutum 20 masu hawan jini matakin farko aka ba giram 3 na garin kadamon kullum har sati 12, kuma jinin nasu ya sauka. Sai dai abu biyu da masu tura murya basa faɗa. Na ɗaya da KORE aka yi shi ba baƙi ba. Na biyu mutum 20 ne kacal, kuma ba a ware wani rukuni da aka ba ƙwayar bogi dan a gwada ba, ballantana a tabbatar kadamon ɗin ne yayi aikin ba wani abu daban ba. A Iran ma an yi gwaje gwaje da giram 3 ɗin nan a kan masu kitse a hanta da waɗanda sugansu ya fara hawa, su ma duk da kore ne, sakamakon kuma ɗan taɓawa ne ba warkewa ba. Shi baƙin, wanda aka yi a jikin mutane ɗan kaɗan ne, akwai na 2012 a Indiya da aka yi da maza 30 masu ciwon zuciya, rabi aka ba giram 3 kullum na sati 12, aka ga kitsen jininsu ya ragu. Sauran yawancinsu a ɓeraye ne da cikin kwalaben ɗakin gwaji, inda ake ganin yana kashe wasu ƙwayoyin cuta yana rage kumburi. Abu ne mai kyau, yana nuna akwai alheri a cikinshi, amma tsakanin ɓera da dattijuwa mai shekara sittin da wani abu da ke shan ƙwayar hawan jini akwai tafiya mai nisa. Kenan ko da hawan jini ne dalilin saye, ɗan abinda ake da shi na hujja ɓangaren kore ya karkata, ba baƙin da aka tallata masu ba.

Kuma ku duba giram 3 ɗin nan da kyau, kusan cokalin shayi ɗaya da rabi ne na gari, kullum, wata ukku ba fashi. Ni kuma guda biyu nake jefawa a tukunyar da mutum takwas ko goma zasu ci, in an gama in tsame in yar. Nawa ya shiga cikin kowa? Wanda ke cin girki da kadamon ƙamshi yake ci da ɗan abinda ya narke a romo, ba magani yake sha ba, kuma hakan ba laifi bane, dama dan haka aka yi kayan ƙamshi. Abinda ke ɓata mani rai shi ne a ɗauki abu mai daɗi irin wannan a ɗora mashi kayan da ba zai iya ɗauka ba, tsohuwa ta aje maganinta saboda shi, wata biyu a ji ance ta faɗi ɓarin jiki ya shanye. Hawan jini baya sallama, mutum na jin garau jinin na can sama, mun ga irin haka a dangi da maƙwabta ba sau ɗaya ba.

Amma akwai hanya ɗaya da ni na yarda baƙin kadamon zai yi ma mai hawan jini amfani na gaske, kuma nan ne ya kere ma kore nesa ba kusa ba: gishiri. Hukumar lafiya ta duniya tace kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen cokalin shayi ɗaya kenan, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗanon nan da muke marmasawa huɗu biyar a tukunya kau, ko na wane kamfani ne, kusan rabinshi gishiri ne. Matsalar mai hawan jini a gidajenmu ita ce in an rage mashi gishiri da dunƙule abincin sai ya koma salam, ya ci kwana biyu ya ture yace a maido mashi yadda aka saba. Baƙin kadamon na cike wannan gurbin a abincin nama, hayaƙin nan da nauyin da yake ba romo na sa harshe ya ƙoshi ko gishiri bai ji ba, balle in kin haɗa da daddawa mai kyau da tafarnuwa da citta da albasa da yawa. Na gwada a gidana, farfesun da nake sa ma dunƙule huɗu yanzu biyu ne, ba wanda yayi ƙorafi. Kore bazai maki wannan aikin ba dan shi wajen kayan zaƙi ya fi ƙarfi, asali ma in ba a kula ba sai ya ja mutum ga shan shayi mai suga da madara kofi ukku a yini da sunan ana shan magani, mai ciwon suga ya ƙara ma kanshi.

Akwai kuma na ukku da ya kamata ya shigo cikin gwajin nan, wato namu na gida. Kimba ita ma sau da yawa da hayaƙi ake busar da ita, tana da wannan ɗaci ɗaci da ƙamshin da ke ratsa nama, in kika fasa biyu kika cire 'ya'yan kika jefa a farfesu zata kai ki kusa da inda baƙin kadamon ke kaiwa, ba daidai ba amma kusa. Citta mai 'ya'ya kuma 'yar uwarshi ce ta jini, dangi ɗaya, ita yaji ta fi bayarwa. Waɗannan biyun da masoro da kanumfari su ne yajin jego da kunun kanwa da aka rene mu da su, kowane ɗan koli a babbar kasuwa ko 'Yar Kutungu yana da su, a Daura ma haka, kuɗi kaɗan zaki ciko leda. Wadda kuɗinta ya taƙaita, wallahi bata rasa wani abun lafiya ba dan bata sayi baƙin kadamon ba, ɗanɗano ne na daban kawai bata samu ba.

A nan ma a kula, dan kwanson citta mai 'ya'ya da na baƙin kadamon suna ɗan kama ga wadda bata saba ba, kuma na taɓa tambayar wani mai kayan yaji baƙin kadamon ya miƙo mani citta mai 'ya'ya yace ai ita ce. Kwanson citta mai 'ya'ya ya fi girma, mai tsini ne kamar ɓaure, 'ya'yan ja ja ne masu sheƙi a warwatse, in kin tauna yaji ne zau kamar masoro. Baƙin kadamon bai fi gaɓar babban yatsa ba, jikinshi da tamoji da layi layi kaushi, 'ya'yan baƙaƙe ne manne da juna da ɗan danƙo, in kin tauna sanyi sanyi zaki ji da hayaƙi. Ki ce a fasa maki ɗaya ki shinshina kafin ki biya. In kin ga fari fari kamar hunhuna a jiki, ko yana warin ruma, ko kin matsa kin ji fanko ba nauyi, ki barshi. Kore kuma ki nemi mai launin kore sosai a cike, wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ya tsufa ƙamshin ya gudu. Dukansu kada ki sayi gari, baki san mi aka haɗa ba, ga shi yana saurin salancewa, ki sayi ƙwaya ki sa a kwalba mai murfi nesa da murhu.

Wajen kuɗi kore na cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya, za'afaran da banila ne kawai ake sawa gabanshi, ga shi yana saurin ƙarewa in gidan 'yan shayi ne. Baƙin kuma wuyar samu ce tashi, ba kowane shago ba, sai manyan kantuna ko masu kayan girkin Indiya da Larabawa, ko a sa a sayo daga Kano, ko tsarabar Saudiyya. Sai dai yana da auki, guda goma sha biyar zasu iya kai ki wata da watanni tunda ɗaya ko biyu ake sawa. Yadda nake yi, in ɗan buga shi da muciya ya tsage ba ya farfashe ba, in jefa cikin mai da albasa tun farko ko cikin ruwan tafasar nama, ya daɗe yana dahuwa, in tsame kafin a zuba dan in wani ya tauna shi tsakiyar loma zai ɓata mashi cin abincin.

Saboda haka in kwalba ɗaya kawai zaki iya saye kuma gidanki gidan shayi ne da kunu da fulawa, kore. In kina yawan farfesu da shinkafar nama, ko kina girkin biki, ko kina da mai hawan jini da kike fama ya yarda da abinci mai ƙarancin gishiri, baƙi ya cancanci a neme shi. Mai juna biyu da mai shayarwa su tsaya iya na girki, kada su shiga jiƙawa ana sha kofi kofi. Mai tsakuwa a matsarmama ana hana shi shan kadamon da yawa kowane iri ne. Wanda ke kan maganin tsinka jini ko na zuciya ko na suga kuma, kafin ya fara shan gari cokali cokali kullum ya faɗa ma likitanshi tukunna, na cikin miya dai ba komai.

Goggo da na gama mata bayani a waya shiru tayi, can tace tau ke nan ba zan rabu da ƙwayar nan ba kenan? Nace Goggo ba zaki rabu da ita ba sai in likita ne yace, amma zan sa abincinki yayi daɗi ko ba gishiri sosai. Ranar Asabar na ba direban motar Daura 'yar leda, baƙi guda goma, kore ɗan kaɗan na taunawa, da kimba da daddawa, na rubuta ma ɗiyarta a takarda guda ɗaya a tukunya, dunƙule rabin wanda aka saba, kuma duk ranar Juma'a a kai ta kemis ɗin unguwa a auna jinin a rubuta a littafi dan a nuna ma likita ranar da zata koma asibiti. Jiya ta kira tace an yi farfesun kaza da shi, Goggo ta shanye romon har ta nemi ƙari, kuma da safe ta sha ƙwayarta.